Jiki Magayi Ne, Amma Ba Alƙali Ba: Ra'ayi Kan Awon Lantarkin Fata Ba Tare da Taɓi Ba

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da yarda cewa jiki yana magana. Ya ce jiki magayi, har wannan karin magana ya zama sunan ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran farko da aka buga a Zariya cikin shekarun 1930, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta. Ya kuma ce labarin zuciya a tambayi fuska. Idan tsoro ya kama mutum, sai a ce tsikar jikinsa ta tashi. Idan tambaya ta yi masa tsanani a gaban alƙali, a ce gumi ya karyo masa. In kuwa mummunan labari ya riske shi, a ce jikinsa ya yi sanyi. Waɗannan maganganu duka suna nuni da cewa fata tana fallasa wani abu daga halin da mai ita yake ciki.

Kimiyyar zamani ta tabbatar da haka fiye da shekara 130 da suka wuce, ta hanyar auna yadda lantarki yake ratsa fata. Sai dai a tsawon wannan lokaci awon bai kasance yana yiwuwa ba sai an manna wa mutum 'yan faya-fayan ƙarfe a yatsu ko a tafin hannu. Yanzu kuwa masu bincike a ƙasashe daban-daban sun duƙufa wajen ƙera na'urorin da za su karanta halin lantarkin fata daga nesa, ta bayan tufa ko bandeji, ba tare da sun taɓa ta ba.

Matsayin wannan maƙala shi ne, wannan fasaha alheri ce ga asibiti, kuma ta cancanci maraba. Amma kawar da taɓi yana kawar da gurbin da aka saba neman izini a cikinsa, alhali abin da na'urar take aunawa bai wuce ruwa da gumi ba. Saboda haka bai kamata a bari ta zama alƙali a kan gaskiyar mutum ko ƙaryarsa ba. Manazarta Hausa suna da hannu a cikin wannan lamari, domin sunan da aka raɗa wa na'ura shi yake tsayar da irin ikon da jama'a za su ba ta.

Abin da ake aunawa

Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce. Hawan da yake can sama matattun ƙwayoyi ne da suka bushe, kaurinsa a yawancin sassan jiki bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita ba, kuma shi yake turje wa lantarki fiye da sauran. Ƙarƙashinsa kuwa jiƙaƙƙen nama ne mai ruwa da gishiri, wanda lantarki yake ratsawa cikin sauƙi. Tsakanin waɗannan hawa biyu akwai 'yan siraran magudanan gumi, waɗanda suke tasowa daga maɓuɓɓugan gumi miliyan 2 zuwa miliyan 4 da suke jikin kowane mutum, mafi cunkosonsu a tafin hannu da tafin ƙafa. Idan magudanan nan suka cika da gumi, sai su zama tamkar wayoyi da suka huda busasshen hawan, turjiyar fata ta ragu, lantarki ya sami hanya. Jijiyoyin da suke ba maɓuɓɓugan umarni ba sa ƙarƙashin ikon mutum. Su ne dai jijiyoyin da suke sa zuciya ta riƙa dukan uku-uku idan an firgita.

Likitan Faransa Charles Féré ya bayyana a shekarar 1888 cewa turjiyar fata tana raguwa idan wani abu ya motsa ran mutum. Ba da jimawa ba Ivan Tarchanoff, a ƙasar Rasha, ya nuna cewa fatar da kanta tana samar da ɗan ƙaramin lantarki da yake sauyawa da sauyin hali, ko da ba a tura mata wani daga waje ba. A farkon ƙarni na 20 Carl Jung ya yi amfani da wannan awo a birnin Zurich: yana karanta wa mutum kalmomi ɗaya bayan ɗaya, yana duban wadda za ta sa allurar ma'auninsa ta zabura.

Akwai kuma siffa ta biyu da ake aunawa, wato ƙarfin da abu yake da shi na riƙe lantarki a cikinsa. Idan aka ba iska lamba 1 a wannan ma'auni, ruwa yana samun kusan 80. Wannan tazara mai faɗi ita ta sa duk wani ɗan sauyi a yawan ruwan fata yake bayyana a awo. Camelia Gabriel da abokan aikinta a birnin Landan sun buga jadawalin waɗannan siffofi na fata da sauran sassan jiki a shekarar 1996, kuma har yau injiniyoyi suna komawa gare shi. Abin lura a nan shi ne, ko ta fuskar ratsawa aka bi ko ta fuskar riƙo, maganar tana komawa ga ruwa: nawa ne a cikin fata, a wane hawa yake, kuma yaya yake sauyawa.

Yadda aka rabu da taɓi

Hanyoyi uku ne suka fi fitowa fili wajen yin awon daga nesa. Ta farko ta dogara ne a kan cewa abubuwa biyu masu ɗaukar lantarki suna yi wa juna tasiri ko da iska ko ƙyalle ya raba su. Idan aka ajiye faifan ƙarfe kusa da jiki, sauyin lantarkin da yake saman fata yakan haifar da ɗan sauyi a faifan, sai a ƙara masa ƙarfi har ya karantu. A shekarar 2002 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila suka ba da rahoton ɗauko alamar lantarkin bugun zuciya daga tazarar da ta kai mita ɗaya. Raunin wannan hanya shi ne saurin ruɗewa. Motsin jiki, da wayoyin wutar ɗaki, da irin tartsatsin nan da mutum yakan ji idan ya tuɓe rigar naila a lokacin hunturu, kowannensu yana iya danne alamar da ake nema.

Hanya ta biyu ita ce a haska wa fata igiyoyin rediyo masu gajeren zango ƙwarai, sannan a auna abin da ya dawo. Igiyoyin da tsawonsu yake tsakanin milimita 10 da milimita 1 suna kaɗawa sau biliyan 30 zuwa biliyan 300 a daƙiƙa guda, wato gigahaz 30 zuwa 300. Sama da su akwai zangon terahaz. Irin waɗannan igiyoyi suna ratsa tufa da bandeji, amma ruwa yana shanye su, don haka ba sa shiga fata fiye da kimanin milimita ɗaya. Ba su da irin ƙarfin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda yake iya lalata ƙwayoyin halitta. Yawan abin da ya dawo shi yake nuna damshin fatar. Hanya ta uku kuwa ba ta haska komai. Jiki mai ɗumi da kansa yana fitar da irin waɗannan igiyoyi kaɗan-kaɗan, sai na'ura ta tsaya tana sauraro. Masu bincike a birnin Manchesta sun wallafa sakamakon irin wannan awo a shekarar 2017, suna neman hanyar tantance lafiyar fata ba tare da taɓa ta ba.

Binciken da ya fi jan hankali ga batun wannan maƙala shi ne na Yuri Feldman da abokan aikinsa a Jami'ar Ibrananci ta Birnin Ƙudus, wanda ya fito a shekarar 2008. Sun lura cewa magudanan gumi a murɗe suke a hawan sama na fata, kamar nannaɗaɗɗiyar waya, suka kawo ra'ayin cewa suna iya aiki tamkar ƙananan eriyoyi. Sun kuma ba da rahoton cewa igiyoyin da suke dawowa daga tafin hannu suna sauyawa idan jiki ya jigata. Wannan aiki na ɗakin gwaji ne, amma manufar da yake nunawa a fili take: awon da Féré da Jung suka yi da waya a jiki yana iya yiwuwa wata rana daga ɗaya gefen ɗaki, mai jikin bai sani ba.

Alherin da yake ciki ga asibiti

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ya san azabar kwance bandeji. Likita yana bukatar sanin zurfin ƙunar domin ya yanke shawara ko za ta warke da kanta ko sai an yi dashen fata, kuma duban ido, ko na ƙwararre ne, yakan kuskure a kwanakin farko. Ƙuna tana sauya yawan ruwan fata da yadda ya rarrabu, saboda haka ake gwada awon nesa a wannan fage. A ƙasar da gobarar hunturu da fashewar tankokin mai suke cika asibitoci, kamar abin da ya auku a garin Majiya na Jihar Jigawa cikin watan Oktoba na 2024 inda fiye da mutum 150 suka rasu, na'urar da za ta duba rauni ta bayan bandeji abar nema ce.

Haka abin yake ga bakwaini, wanda fatarsa takan saɓule idan aka ɓamɓare abin da aka manna masa. A ƙasar Holan an gwada shimfiɗar da aka saka wa faya-fayan awo a ciki, tana ɗaukar bugun zuciyar jariri ba tare da an liƙa masa komai ba. A birnin León na ƙasar Meziko kuwa, wani bincike na shekarar 2017 ya nuna cewa hoton terahaz yana bayyana bushewar tafin ƙafar masu ciwon sukari, bushewar da take gabatar gyambon da yakan kai ga yanke ƙafa. Tun farkon shekarun 2000 ma aka nuna a birnin Kambirij cewa irin wannan hoto yana bambanta wani nau'in sankarar fata da lafiyayyen nama, saboda bambancin ruwan da yake cikinsu. Zabiya, waɗanda zafin rana yake jefa su cikin haɗarin sankarar fata, suna cikin waɗanda irin wannan ci gaba zai iya amfana.

Akwai wani alherin da ya shafi al'ada kai tsaye. Mata da yawa sukan jinkirta zuwa asibiti don gudun namiji ya duba jikinsu, wasu mazan ma sukan hana. Awon da ba ya bukatar tuɓe tufa ko ɗora hannu yana rage wannan nauyi. Yana kuma rage yaɗuwar cuta daga majinyaci zuwa majinyaci, darasin da jama'a suka koya daga ma'aunin zafin jiki da ake nuna wa goshi a lokacin Ebola a 2014 da Korona a 2020. Mai sukar wannan fasaha da ya rufe ido daga waɗannan amfanoni bai yi adalci ba.

Fatar wa aka auna?

Kowane ma'auni da jikin wasu mutane aka daidaita shi, kuma tarihi ya nuna cewa ba kasafai jikin baƙar fata yake cikin waɗanda aka daidaita da su ba. A watan Disamba na 2020 wani bincike daga Jami'ar Michigan ta Amurka ya nuna cewa ɗan ma'aunin nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar da take cikin jini yana kasa gano ƙarancinta ga majinyata baƙar fata kusan ninki uku fiye da farare. Wancan ma'auni da haske yake aiki, kuma launin fata yana shan haske. Ana iya cewa awon lantarki ya tsira daga wannan, tun da ruwa yake bi ba launi ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta ƙare zancen ba. Tun a shekarar 1963 aka buga rahoto a Amurka cewa turjiyar fatar baƙaƙe ta fi ta farare a matsakaicin awo, kuma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa an fi cire baƙaƙe daga gwaje-gwajen nazarin tsoro bisa dalilin cewa alamar fatarsu ba ta fito yadda ake so ba. Ke nan maimakon a gyara ma'auni, sai aka ajiye mutanen a gefe.

Idan ruwa ne abin awo, to yanayin ƙasa da al'adun tsafta suna cikin lissafi. Fatar mutumin Katsina ko Damagaram a tsakiyar hunturu, lokacin kaushi da faso, ba ɗaya take da fatarsa a bazara ba, lokacin da gumi ba ya yankewa. Musulmi yana jiƙa hannu da ƙafa da fuska da alwala sau da yawa a yini. Ana shafa man kaɗe da basilin, ana ƙunshi da lalle a daidai tafin hannu da tafin ƙafa inda maɓuɓɓugan gumi suka fi yawa. Tafin manomi da na maƙeri sun yi kanta, mai azumi a watan zafi kuma ruwan jikinsa ya ragu kafin la'asar. Na'urar da aka daidaita da ɗaliban jami'a a ɗaki mai sanyi a Turai tana bukatar a sake gwada ta a kan waɗannan fatu kafin a amince da lambar da take nunawa. Wannan aiki ne na asibitocin koyarwa, amma mai nazarin al'ada ne zai gaya wa likita da injiniya abubuwan da ya kamata su sa a jadawalinsu.

Daga asibiti zuwa ƙofar bincike

Babban haɗarin yana wajen asibiti. Awon lantarkin fata yana ɗaya daga cikin ginshiƙan na'urar da kafafen watsa labarai suke kira na'urar gano ƙarya, wadda John Larson ya fara haɗawa a Kalifoniya a 1921, daga baya Leonarde Keeler ya ƙara mata awon fata. A shekarar 2003 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto mai zurfi a kanta. Ta kawo misali da ma'aikata 10,000 waɗanda 10 daga cikinsu 'yan leƙen asiri ne: idan aka saita na'urar don ta kama 8 daga cikin goman, kusan mutum 1,600 marasa laifi za su faɗi gwajin tare da su. A ɗaya ɓangaren kuma, Aldrich Ames, jami'in leƙen asirin Amurka da ya yi shekaru yana sayar wa Rasha asirai kafin a kama shi a 1994, ya tsallake gwajin har sau biyu. Dalilin bai da wuyar fahimta. Fata tana nuna cewa rai ya motsa, amma ba ta faɗin abin da ya motsa shi. Tsoro da fushi da kunya da mamaki duk gumi ɗaya suke kawowa.

A nan ne nazarin al'ada yake da abin cewa. Anthony Kirk-Greene, a aikinsa na 1974 kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, ya lissafa kunya cikin siffofin da ake yabo. A ɗauka an tsayar da dattijuwa a kan iyaka, jami'i ya ce ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sunayen da tarbiyya ta hana ta kamawa. Za ta sunkuyar da kai, ta yi jinkiri, tafin hannunta ya jiƙe. Haka talaka yake a gaban hukuma, haka saurayi a gaban surukinsa. Na'urar da aka koya wa cewa gumi da jinkiri alamar rashin gaskiya ne za ta tuhumi mai kunya, ta wanke wanda idonsa ya bushe. Masu cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi sun manta cewa mai gaskiya ma yana gumi.

Al'ummomin wannan yanki sun san irin wannan shari'a tun da. Shan gwaska, inda ake ba wanda ake zargi jiƙon ɓawon itace mai guba a ce jikinsa zai bayyana gaskiya, shi ma dogaro ne da jiki a matsayin alƙali, kuma dokar Nijeriya ta haramta shi. Shari'ar Musulunci kuwa ta ɗora kawo hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musanta, ba ta karɓi rawar jiki a matsayin shaida ba. Bai dace abin da aka kora da sunan camfi ya dawo sanye da rigar kimiyya ba. Kwarjinin na'ura kuwa ba abin rainawa ba ne. A shekarar 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar wa ƙasashe, musamman Iraƙi, na'urar bogi da ya ce tana gano bam daga nesa, bayan an shafe shekaru jami'an tsaro suna riƙe da ita a shingayen bincike.

Sallama da izini

Ginin gidan Bahaushe yana koyar da darasi a kan iyaka. Baƙo yana tsayawa a ƙofar zaure ya yi sallama, ba ya wucewa sai an amsa, kuma a ƙofofi da yawa an rubuta "ba shiga". Addini ya ƙarfafa wannan da umarnin neman izini kafin shiga gida da hanin bin diddigin asirin mutane. Jiki ma yana da zaurensa, shi ne taɓi. Kafin malamar asibiti ta ɗaura abin awon jini sai ta ce a miƙo hannu, kuma miƙa hannun nan shi ne amsa sallama. Wanda bai yarda ba yana iya janye hannunsa. Awon nesa ya rushe wannan zaure, domin babu hannun da za a miƙa, babu kuma wanda za a janye.

An ga somin-taɓin wannan a filayen jiragen sama. Bayan yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit ranar 25 ga Disamba, 2009, na'urorin duba jiki ta bayan tufa suka yaɗu, wasunsu da irin igiyoyin milimita da aka bayyana a sama suke aiki. A 2010 Majalisar Fiƙihu ta Arewacin Amurka ta fitar da matsaya cewa hotunan da suke nuna surar jiki sun saɓa wa koyarwar suturta al'aura. Ƙorafin jama'a daga ɓangarori da yawa ya sa aka koma nuna zanen mutum-mutumi maimakon ainihin surar matafiyi. Wannan ya nuna abu biyu: rashin taɓi bai hana keta sutura ba, kuma ƙorafin da aka yi a kan lokaci yana iya sauya fasalin na'ura.

Mutanen Kano sun san tsadar izinin da ba a fahimta ba. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Ɗaya daga cikin jigogin taƙaddamar da ta biyo baya, wadda aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009, shi ne ko iyayen sun san gwaji ake yi. Zargin da ya rage a zukata yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙauracewa allurar rigakafin shan-inna a 2003 da 2004. Idan aka shigo da awon nesa a ɓoye a shingen tsaro ko wurin ɗaukar aiki, ranar da jama'a suka gane, za su guje shi har a asibiti, mai ƙuna da bakwaini su yi asara.

Doka ta fara motsi. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya da na siffofin jiki cikin waɗanda suke bukatar kariya ta musamman. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira ta hana amfani da na'urar karanta motsin rai a wuraren aiki da makarantu, in ban da dalilin lafiya ko kariya daga haɗari. Sai dai dokar da aka rubuta da Ingilishi ba ta kare wanda bai san sunan abin da ake yi masa ba.

Aikin manazarta: raɗa suna

Wani zai ce wannan magana ta yi nisa, ƙasar da asibitocinta suke fama da ƙarancin wuta ina ita ina terahaz. Amsar ita ce wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, lambar tantance masu ajiya a banki da zanen yatsa ta zo a 2014, kuma kowannensu ya game gari kafin masana su gama shawarar sunan da za a kira shi. Sunan da ya riga shiga bakin jama'a da wuya ya fita. Ana iya kwatanta kalmar "ƙanjamau", wadda ta kama kamannin majinyaci ta jawo masa tsangwama, da "cuta mai karya garkuwar jiki", wadda ta bayyana abin da cutar take yi. Haka nan "na'urar gano ƙarya" suna ne da ya yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a. Da an ce ma'aunin gumi da numfashi da bugun zuciya, da mai sauraro ya tambaya: to ina ruwan gumi da ƙarya?

Al'adar samar da keɓaɓɓun kalmomi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 shaida ne. Bakin jama'a ma ya samar da kalmomin asibiti masu faɗin gaskiya, kamar awon ciki da ƙarin ruwa da hoton ƙirji. A kan wannan turba, "awon damshin fata daga nesa" ya fi dacewa da sabuwar fasahar, domin ya faɗi abin da ake aunawa, ya kuma tsaya a nan. Wajibi ne kalmomin su raba matakai huɗu da ake yawan cakuɗawa: awo, wato lambar da na'ura ta nuna, alama, wato abin da lambar take iya nunawa a jiki, fassara, wadda aikin mutum ce kuma tana iya kuskure, sai hukunci, wanda ba hurumin na'ura ba ne.

Takardar neman izini ma tana bukatar kulawar masanin harshe. Kalmar "taɓa" tana da faɗi a Hausa: ana taɓa mutunci, ana taɓa lafiya, ana taɓa dukiya. Idan aka ce wa majinyaci "ba za a taɓa ka ba", abin da zai ji shi ne babu abin da za a yi masa. Jimlar gaskiya ce a zahiri, amma tana ɓatarwa. Abin da ya dace a gaya masa shi ne, za a karanta wani abu daga jikinsa, ga abin da za a karanta, ga wanda zai gani, ga tsawon lokacin da za a ajiye, kuma yana da ikon ya ce a'a ba tare da an hana shi magani ba.

Kammalawa

Awon lantarkin fata ba tare da taɓi ba ya cancanci gurbi a ɗakin masu ƙuna da ɗakin bakwaini da wurin duba masu ciwon sukari, bisa sharaɗin an gwada shi a kan fatar mutanen da za a yi wa amfani da shi, a hunturu da bazara. Bai cancanci gurbi a kotu ko ofishin 'yan sanda ko zauren ɗaukar ma'aikata a matsayin mai tantance gaskiya ba, domin gumi ba ya bambanta mai laifi da mai kunya. Duk inda za a yi shi kuma, sai an maido da sallamar da taɓi yake ɗauke da ita, ta hanyar sanarwa a fili da harshen da mutum yake ji. Sassan nazarin Hausa da cibiyoyin harsuna suna iya fara nasu ɓangaren tun yanzu, su zauna da likitoci da injiniyoyi da masana shari'a su tsayar da kalmomi da jimlolin neman izini, su miƙa su ga gidajen rediyo kafin wani suna mai ɓatarwa ya riga su shiga kasuwa.